Yadda hutun haihuwa ke sauya wa mata akalar aiki

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na makonni 12, da aƙalla rabin albashi, matuƙar ta shafe wata shida a bakin aiki. A ma'aikatun Gwamnatin Tarayya kuwa kwanakin aiki 112 ne da cikakken albashi, yayin da jihohin Legas da Kaduna suka mayar da nasu wata shida.

Wannan tazara na cikin dalilan da ke sa ƙwararriyar akanta ta bar banki, inda ake kai dare, ta nemi aikin gwamnati ko koyarwa, ko da albashin bai kai ba. Likitoci sun shawarta shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida, kuma makonni 12 rabin hakan ne kawai.