Shirye-shiryen Fodkas Masu Haɗa Tatsuniya Da Kwantar Da Hankali

A 'yan shekarun nan wani salon shiri ya ɓullo a Amurka da Ingila cikin shirye-shiryen sauti da ake saukewa daga intanet, waɗanda ake kira fodkas. Mai shirin zai fara da umartar ka da ka rufe ido, ka ja numfashi a hankali, sannan ya shaida maka cewa kai matafiyi ne da dare ya riska a bakin wani gari na aljanu. Daga nan labarin ya zama naka, kai ne kake tafiya a cikinsa.

Abubuwa biyu aka gwama. Na farko shi ne wasan Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda mutum ɗaya yake jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko boka, a jefa ɗan ludo ya yanke wanda ya yi nasara. Shirye-shirye irin su The Adventure Zone na 2014 da Critical Role na 2015 suka kawo wasan ga masu sauraro. Na biyu kuwa shi ne horon tattara hankali, wanda asalin mafi yawansa daga addinin Buda ne, ko da yake kamfanoni irin su Calm da Headspace sun cire masa rigar addini suna sayar da shi a waya. Harka ce ta kuɗi sosai, domin a 2019 an kimanta darajar Calm a kan dala biliyan 1.

Wahalar aikin a nan take: wasan jarumta yaƙi yake so da fargaba, mai neman natsuwa kuwa gudunsu yake yi. Saboda haka sai masu shirin su zare takobi daga labarin, su bar tafiya da masauki da hira a bakin wuta. Drew Ackerman, mai shirin Sleep With Me tun 2013, da gangan yake jan zance maras kai da gindi har barci ya kwashe mutum. Ita kuma Kathryn Nicolai, a shirinta Nothing Much Happens da ta fara a 2018, sau biyu take karanta labari, na biyun a hankali fiye da na farko. A ganinmu dabararta ta fi, don wanda ya san ƙarshen labari ba ya zaman jiran sa.

Sai batun sauti, wanda ya shafi 'yan'uwanmu masu sayar da kayan waya. Wasu masu shirin suna ɗaukar sauti da wani kan mutum na roba mai makirfo a kowane kunne, irin wanda kamfanin Neumann na Jamus yake ƙerawa. Shi ya sa za ka ji takun doki ya taso ta hagu ya wuce ta bayanka. Wannan ba ya fitowa a lasifikar waya, haka nan iyafis ɗin da kunne ɗaya ya mutu ya ɓata aikin baki ɗaya, don haka mai saye ya gwada kunnuwan biyu kafin ya biya.

Direbobinmu masu tafiyar dare tsakanin Maraɗi da Katsina kuwa, muna roƙon kada su kunna irin wannan shiri suna kan sitiyari, domin an tsara shi ne musamman don ya sa barci.