Tsari Kafin Kwalliya: Rubutu da Taurari a Farkon Layi

Duk wanda ya taɓa sanya kalma tsakanin taurari biyu a WhatsApp don ta fito da kauri, ya riga ya yi amfani da abin da masana kwamfuta ke kira sassauƙan harshen alama, ko da bai san sunansa ba. Dabarar ita ce a yi tsagwaron rubutu, haruffa zalla, sannan a ɗan saka wasu alamomi da za su gaya wa na'ura cewa wannan layi kan magana ne, wancan jeri ne, wannan kalmar kuma a ƙarfafa ta. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Markdown, da John Gruber ya fitar a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz, inda alamar # a farkon layi ke nufin babban kai. Shekara ɗaya kafin nan, a 2003, wani masanin ilimin taurari mai suna Carsten Dominik ya soma ƙera Org-mode a cikin GNU Emacs, manhajar rubutun da Richard Stallman ya fara a tsakiyar shekarun 1980. A Org, tauraro ɗaya a farkon layi babi ne, biyu sashe ne, uku kuma ƙaramin sashe. A ganina, mai rubuta dogon aiki, kundin digiri ne ko rahoto ko littafi, ya fi samun biyan buƙata ta wannan hanya a kan ta hanyar da aka saba.

Dalili shi ne, wahalar dogon rubutu ba a zaɓen girman harafi take ba, tana wajen sanin me zai zo gaba, me zai biyo baya, me kuma ya kamata a cire. Nan ne manhaja mai naɗe rubutu ke nuna amfaninta. A Org, ka ɗora alamar rubutu a kan wani kai ka danna maɓallin TAB, sai duk abin da ke ƙarƙashinsa ya ɓuya, kan kaɗai ya rage. Ta haka littafi sukutum zai iya komawa 'yan layuka a fuskar kwamfuta, marubuci ya ga ƙashin bayan aikinsa da kallo ɗaya. Idan ya lura babi na huɗu ya fi dacewa ya riga na uku, sai ya riƙe Alt ya danna kibiyar sama, babin ya tashi da dukan sassansa, ba tare da an bar ko sakin layi ɗaya a baya ba. Tunanin ba sabo ba ne, domin Douglas Engelbart ya nuna jeri mai naɗewa da warwarewa a bainar jama'a a San Francisco tun a watan Disamba na 1968. Gaskiya ne Microsoft Word ma yana da irin wannan damar, amma ba ya tilasta wa kowa amfani da ita. Shi ya sa da yawa ke ƙara wa layi kauri da girma su ɗauka sun yi kan babi, alhali kwamfuta ba ta san an yi ba, sai ranar haɗa jadawalin abin da ke ciki asiri ya tonu. Wannan yi wa gida fenti ne tun ba a gama aza tubali ba.

Sai kuma maganar ɗorewa. Fayil ɗin tsagwaron rubutu kowace kwamfuta da kowace waya na iya buɗe shi, kuma ko manhajar da aka rubuta shi da ita ta mutu, ido zai karanta shi ya gane. Masu rubutun Hausa sun san zafin akasin haka: kafin Unicode ya yaɗu, ana buga ƙ da ɗ da ɓ ne da wasu salon haruffa na musamman, da zarar an kai fayil wata kwamfutar da ba ta da su, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi daban. Rubutun da aka adana a tsarin UTF-8 na Unicode yana riƙe harafin kansa, ba kamanninsa kawai ba. In kuma aka buƙaci kwalliya, Pandoc, wanda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar California da ke Berkeley, ya fitar a 2006, yana juya fayil ɗaya ya zama takardar Word, ko shafin intanet, ko littafin EPUB.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce Emacs yana da wuyar koyo. Haka ne, haɗe-haɗen maɓallansa sukan gajiyar da sabon shiga, sai dai ba dole ba ne a fara da shi, tunda akwai manhajoji masu sauƙi irin su Obsidian da ke naɗe kanun Markdown. Sun ce Markdown ya rarrabu, kowane kamfani da irin nasa. Shi ma gaskiya ne, shi ne ma dalilin kafa ma'aunin CommonMark a 2014, amma saɓanin ya fi yawa a abubuwa irin su teburi da bayanin ƙasan shafi, ba a kai da sakin layi ba. Akwai masu tsoron cewa yawan kallon ƙwarangwal zai sa rubutu ya koma jerin gutsattsarin maganganu marasa rai. Wannan laifin marubuci ne da ya tsaya a tsari bai cika shi da nama ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta aiki tare da wasu: malamin da ke duba kundi ko editan da ke gyara labari yakan so takardar Word da zai yi wa jan biro a ciki, kuma mayar da gyaransa cikin asalin fayil aiki ne na hannu mai cin lokaci. Wannan ba ta da cikakkiyar amsa, sai dai a ce gyaran wani yana zuwa ne bayan an gama ginin, lokacin da naɗewa da jujjuya babi suka riga suka yi aikinsu.

Saboda haka, mai buga wasiƙar shafi ɗaya ko katin gayyatar ɗaurin aure ba shi da abin da zai nema a nan, ya ci gaba da abin da ya saba. Amma ɗalibi ko ma'aikacin da ke fuskantar rubutu mai babi-babi, ya buɗe fayil wayam, ya jera kanun maganarsa da tauraro ko # a gaban kowanne, ya bar zaɓen salon harafi sai ranar da zai miƙa aikin.