Yadda Ido Yake Gani da Iyakar Abin da Fiɗa Take Gyarawa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda idon ɗan'adam yake gani, sa'an nan a nuna abin da fiɗa take iya gyarawa a cikinsa. Da yake ba a riga an tsayar da sunayen wasu sassan ido da Hausa ba, mun ari kalmomin likitoci mun hausantar da su. Gyaransu kuwa yana hannun mahalarta wannan taro.

Masanan Girka da dama sun ɗauka cewa haske daga ido yake fita ya sauka a kan abin da ake kallo. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa hasken daga waje yake shigowa. Tsawon ido daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24 ne. Haske yana fara ratsa kwaniya, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, ya bi ta kafar tsakiya, ya ratsa lans, wata 'yar ƙwaya mai kama da gilashin tabarau. Aikin waɗannan biyu shi ne tanƙwara haske ya taru daidai a kan ratina, tantanin da ya shimfiɗu a bayan ido. Ƙarfin tanƙwarawar kimanin diyofta 60 ne, kuma wajen kashi biyu bisa uku na kwaniya ne. Ratina ce take mai da haske saƙo, jijiyar gani ta kai shi ƙwaƙwalwa, a can ake gani.

Idan ido ya cika tsawo, haske yakan taru kafin ya kai ratina, sai mutum ya ga na kusa, na nesa ya yi masa dishi-dishi. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo kusan diyofta 3. Idan kuwa ido ya gajarta, na kusa ne yake wuya. Akwai kuma taurin lans da yake zuwa bayan shekara 40, lokacin da malami yakan fara nesanta littafi da fuskarsa.

Tabarau yana maganin duk waɗannan. Fiɗa kuwa siffar kwaniya take sakewa. A 1974 Fiyodorof na Rasha ya fara yi mata tsage-tsage da wuƙa domin ta baje. Daga wajen 1990 hasken lesa ya karɓi aikin: a fiɗar LASIK ana ɗaga siririn marfi daga kwaniya, a kankare abin da ke ƙarƙashi gwargwadon awo, a mai da marfin. Sai dai ba kowace kwaniya take da kaurin da za ta jure ba, kuma aikin ba ya hana taurin lans na tsufa.

A ganinmu, fiɗar da ta fi shafar jama'armu ita ce ta yanar ido. Sunan nan yana ruɗarwa, domin ba wata yana ce take rufe ido daga waje ba. Lans ne da kansa yake dusashewa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ce sanadin kimanin kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama.

Tsohuwar dabara, wadda har yanzu masu aikin gargajiya suke yi a ƙauyukanmu, ita ce a soka tsinke a ture lans ya faɗa cikin ido. Nan take majinyaci yakan ga haske, shi ya sa aikin yake da farin jini. Amma an raba ido da sulusin ƙarfinsa ba a mayar masa da kome ba, don haka ba zai gani sosai ba sai da tabarau mai kauri na wajen diyofta 10. Lans ɗin da aka bari a ciki kuma yakan jawo kumburi ko hawan ruwan ido, ido ya mutu.

Dabiyel na Faransa ne ya fara fitar da lans waje a 1747. A 1949 Harol Ridili ya dasa lans na roba a asibitin Sen Tomas da ke Landan, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar murfin jirgi da ya shiga idon matuƙan yaƙi bai tayar da kumburi ba. A 1967 Kelman na Amurka ya fito da hanyar farfasa lans da sauti mai ƙarfi a zuƙe shi ta ƙaramar kafa. A asibitocinmu an fi yin ƙaramar tsaga da hannu, wadda ta fi araha, sakamakonta kuma yana da kyau.

Abin lura shi ne, duk waɗannan ayyuka a kan kwaniya da lans suka tsaya. Jijiyar da gilakoma ta kashe ba ta farfaɗowa. Fiɗarta tsare sauran gani kawai take yi. Saboda haka kafin likita ya cire yana yakan haska fitila a ido. In majinyaci bai ga hasken ba sam, cutar tana bayan lans, sabon lans kuwa ba zai amfane shi ba.