Burodin da ya fito da sarki daga fadarsa

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya san shi: dogon burodin nan mai kama da gora, bayansa da ƙarfi, cikinsa da laushi, wanda mai shayi ke tsagawa biyu ya shafa masa mayonis ko ya cusa masa soyayyen ƙwai. Ba irin na Kano ba ne mai zaƙi da taushi kamar soso. Sunansa baget, ma'ana sanda, kuma mulkin mallakar Faransa ne ya bar shi a Nijar. A can ƙasar da ya fito, babu abincin da ya kai shi daraja, duk da cuku da miya kala-kala da Faransawa ke tinƙaho da su.

Darajar tasa daga yunwa ta samo asali. A ƙarni na 18, leburan Faransa kan kashe kusan rabin abin da ya samu a kan burodi kaɗai. A watan Yulin 1788 ƙanƙara ta zubo ta kwantar da alkama a gonaki, sanyin hunturu mai tsanani ya biyo baya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 5 ga Oktoba 1789 matan kasuwannin Paris suka ce tura ta kai bango. Dubban su suka taka a ƙafa cikin ruwan sama, tafiyar kusan kilomita 20, har fadar Versailles. Washegari suka taso ƙeyar Sarki Louis na 16 da iyalinsa zuwa Paris, suna yi musu laƙabi da mai gidan burodi da matarsa da yaronsa. Sarkin bai sake kwana a wannan fada ba.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun riƙe wannan darasi. Sun daɗe suna ƙayyade farashin burodi, sai a 1987 aka sakar wa masu gasawa mara gaba ɗaya. Abin dariya ma, har zuwa 'yan shekarun baya hukuma ce ke raba wa masu gidajen burodin Paris lokacin hutu, wasu Yuli, wasu Agusta, don kada a wayi gari unguwa babu inda za a sayi burodi.

Shi kansa baget yaro ne a tarihin. Burodin da matan 1789 suka yi bore a kansa ƙatoto ne kewayayye. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa Napoleon ne ya sa a tsawaita shi don ya shiga aljihun wandon soja, amma wannan hirar teburin mai shayi ce kawai. Abin da ya tabbata shi ne wani ɗan Austriya, August Zang, ya buɗe gidan burodi a Paris wajajen 1839 da tanda mai tururi, wadda ke sa ɓawon burodi ya yi ƙyalli da ƙaras-ƙaras, kuma a 1920 ne sunan baget ya shiga dokar hukuma.

A 1993 aka kafa dokar da ta fayyace baget na gargajiya: fulawar alkama, ruwa, gishiri da yis ko tsamin kullu. Babu sinadaran adanawa, kuma ba a yarda a daskarar da kullun a firiza ba. Shi ya sa wanda aka gasa da asuba, kafin dare ya bushe ya zama icce, dole gobe a koma layi. Faransawa na cin baget sama da biliyan 6 a shekara.

A kan tebur ma yana da ladabinsa. Ba a ɗora shi a faranti, a kan shimfiɗar tebur ake ajiye shi. Da hannu ake gutsura, a suɗe miyar da ta rage da shi, kamar yadda ake yi wa kwanon tuwo da lomar ƙarshe. Kifa shi a bayansa camfi ne, don an ce a da burodin mai sare kawunan masu laifi ne ake kifawa. Yaron da aka aika sayowa kuwa da wuya ya iso gida bai ciji kan ba, kuma ba a yi masa faɗa. Burodin yana nan daga abin buɗe baki har zuwa cuku, wanda ake ci kafin kayan zaƙi. Wannan tsarin cin abinci UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2010, baget kuma ya samu nasa gurbin a Nuwamba 2022.

Tun 1994 birnin Paris ke shirya gasar baget kowace shekara. Ana auna tsawo da nauyi, a sansana, a ɗanɗana, wanda ya yi nasara ya riƙa kai burodi fadar shugaban ƙasa ta Elysee tsawon shekara guda. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya lashe ta sau biyu, a 2010 da 2015. A 2018 Mahmoud M'seddi, mai asali daga Tunisiya, ya ɗauka, a 2023 kuma Tharshan Selvarajah, ɗan asalin Sri Lanka. Sana'a ce ta tashin tsakar dare da zafin tanda, kuma 'ya'yan baƙi sun rungume ta hannu bibbiyu.

Sai dai manyan kantuna masu sayar da burodin inji a farashi mai rahusa sun sa ƙananan gidajen burodi a gaba, musamman a ƙauyuka. A 1970 akwai kimanin 55,000 a faɗin Faransa. Yanzu ba su wuce 35,000 ba.