Ido lafiya lau, amma rabin abin kallo ya ɓace

A ƙasar Malesiya, shanyewar ɓarin jiki na cikin manyan cututtukan da suka fi hallaka jama'a, kuma hawan jini da ciwon suga ne ke kan gaba wajen haddasa ta. Waɗanda suka tsira da ransu a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, kan koma koyon tafiya da magana a wurare irin su asibitin gwamnati na farfaɗo da majinyata da ke unguwar Cheras, ko cibiyar ƙungiyar NASAM da ke Petaling Jaya, daf da birnin. Wata mata mai suna Janet Yeo ce ta kafa ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1990, bayan ita kanta cutar ta kama ta.

To sai dai akwai wata illa da ba kasafai dangi kan lura da ita ba, domin hankalinsu na kan hannu da ƙafar da suka shanye. Wannan illa ita ce ta gani. Wani bincike da Farfesa Fiona Rowe ta Jami'ar Liverpool a Ingila ta jagoranta, wanda aka wallafa a shekarar 2019, ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka tsira sun gamu da sabuwar matsalar gani.

Sau da yawa ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Ɓarnar tana cikin ƙwaƙwalwa ne, musamman sashen da ke wajen ƙeya, inda ake fassara abin da ido ya hango. Idan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, sai mutum ya daina ganin duk abin da ke damansa, da idanunsa biyu; idan na dama ne, hagunsa ne ke ɓacewa. Wasu kuma idonsu yana gani, amma ƙwaƙwalwar ta yi watsi da gefen hagu baki ɗaya, har majinyaci ya cinye rabin shinkafar da ke farantinsa ya ce ta ƙare. Irin wannan mutum shi ne ake zargi da taurin kai idan yana ta karo da ƙyauren ɗaki, alhali kuwa bai san akwai abin da ya kuɓuce masa ba. Ba ƙaramin ganganci ba ne a ce za a koya masa tafiya ba tare da an fara auna ganinsa ba, ballantana a bar shi ya tsallaka titunan Kuala Lumpur masu cunkoson babura.

Karatu ma yana da nasa sha'anin. Malawa suna rubuta harshensu da baƙaƙen boko, daga hagu zuwa dama, suna kuma da rubutun Jawi mai baƙaƙen Larabci, tamkar dai ajamin Hausa. Mai karanta boko ya fi shan wahala idan damansa ne ya ɓace, saboda ba ya hango kalmar da ke tafe. Mai karanta Alƙur'ani ko Jawi kuwa, rashin ganin hagu ne ya fi tauye shi. Saboda haka majinyaci ɗaya zai iya kasa karanta jarida, amma karatun Alƙur'ani ya zo masa da sauƙi, kuma ya kamata mai jinya ya tambaye shi wanne ya saba karantawa.

Masana sun ce mafi yawan sauƙin da ake samu yakan zo ne cikin watanni uku zuwa shida na farko. Bayan nan sai dabara: a horar da mutum ya riƙa juya ido da kai zuwa gefen da ya ɓace, a ja jan layi a bakin shafi don ya gane mafarin sahu, ko a manna wa tabaransa wani gilashi mai karkato haske daga gefe. Mai ganin abu biyu-biyu kuma akan rufe masa ido ɗaya na wani lokaci, kafin likitan ido ya sake duba shi.