Gargaɗi Ga Masu Rufin Kwano: A Duba Audugar Gilashi Tun Tana Ƙasa

Wannan kira ne ga duk mai gina sito ko masana'anta ko ɗakin kaji ko zauren taro da ƙarfe da kwano, da 'yan kwangila, da masu walda da kafintocin da ke hawa rufi. Idan an sauke muku naɗin audugar gilashi, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano don tare zafi, kada a hau da ita sama sai an bincike ta a ƙasa. Da zarar an ɗaure kwano a kanta, magana ta ƙare, ba ta gyaruwa sai an yaye rufin. A bazara zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yana haura digiri 40, kwanon da rana ta wuni tana duka kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Mai ginin da aka shimfiɗa wa jabu ba zai gane ba sai kajinsa sun fara haki.

Sai an san yadda ake yin ta kafin a gane inda algus ke shiga. Yashi da fasassun kwalabe da wasu sinadarai ake narkawa a tanderu mai zafin digiri 1,400 ko fiye. Narkakken gilashin ya kwarara cikin wani kasko mai dubban ƙananan huda da ke juyawa da gudun gaske, ya fito zare-zare, siraran da ba su kai kaurin gashi ba. A fesa musu gam, a gasa, a yanka, a matse, a naɗe. Tun daga 1938 da aka kafa kamfanin Owens Corning a Amurka sana'ar ta bunƙasa. To amma ba gilashin ne ke tare zafi ba, iskar da ta maƙale tsakanin zaren ce. Duk abin da ya kori wannan iska ya kashe aikin, ko ƙwauron zare ne tun daga masana'anta, ko dannewa, ko jiƙa.

Saboda haka ne ƙasashen da suka daɗe suna gini da ƙarfe suka kafa mizani. A Amurka akwai ASTM C991, akwai kuma NAIMA 202-96, na ƙungiyar masu masana'antun wannan kaya, wanda aka tsara musamman don audugar da za a manna wa rufar leda ko takarda a sa a ginin ƙarfe. Mai bin sa yana buga shaidar a jikin audugar kanta. Har wani gwaji na daban suke yi bayan an manna rufar, domin injin mannawa kan murƙushe zaren ya rage masa ƙarfi. Turai na da EN 13162. A Najeriya kuwa, kayan da aka shigo da su daga waje suna bi ta tsarin SONCAP na hukumar SON. Naɗin da ba sunan kamfani, ba kauri, ba nauyi, ba lambar mizani, a mayar wa mai shi, komai daɗin bakinsa. Araha ba ta ado.

A yi hattara da lambar R, wadda ke nuna ƙarfin tare zafi. Iri biyu ce. Ta Amurka ta ninka ta sauran duniya sau biyar da rabi da ɗoriya. Auduga mai kaurin milimita 50 tana ba da kusan 1.25 a ma'aunin mita, ita ce kuma za a rubuta mata kusan R-7 a na Amurka. Dillali zai iya ajiye naɗi biyu masu ƙarfi ɗaya ya ce mai babbar lamba ta fi, ya ƙara kuɗi. A tambaye shi da wane ma'auni yake magana.

Gwajin da ya fi kama ɓarawo ba ya buƙatar komai sai sikeli da tef. A warware naɗi, a girgiza shi, a ba shi lokaci ya kumbura, sannan a auna kaurin a wurare da dama. Idan an rubuta milimita 50 ya tsaya a 30, an cuce ku. Sai nauyi. Naɗi mai faɗin mita 1.2, tsawon mita 10, kaurin milimita 50, in har gaske ne kilo 16 ke cikin kowace kubik mita kamar yadda aka rubuta, audugarsa kaɗai za ta kai kilo 9.6. In ya gaza sosai, iska kuka saya.

Kaya mai kyau ma aikin ganganci na lalata shi. A inda kwano ya hau kan ƙarfen da ke ɗauke da shi, audugar na dannuwa, zafi ya bi ta nan ya shigo. Masu aikin kirki kan sa ɗan toshi mai tare zafi a wurin. Kada a ja ta har ta sirance don a cinye faɗi da naɗi kaɗan. Kada a bar ta a fili ruwan sama ya doke ta. A liƙe duk mahaɗar rufar da tef ɗinta, domin tururin numfashin kaji ko na injin masana'anta yana ratsawa ta ɓaraka, ya zama raɓa a cikin kwano idan dare ya yi sanyi. Audugar ta sha ruwa ta lotsa kamar tsohuwar katifa, tsatsa kuma ta ci ƙarfe a ɓoye. Mai gina ɗakin sanyi ya nemi injiniya, lissafinsa daban ne.

Batun gobara: zaren gilashi ba ya cin wuta, amma rufar leda ko takarda da gam ɗin da aka manna ta da shi suna iya ci. A gwajin ASTM E84, ana neman yaɗuwar harshen wuta kada ta wuce 25, hayaƙi kada ya wuce 50. A nemi takardar gwajin audugar tare da rufarta, ba ita kaɗai ba. Masu walda su gama aikinsu kafin a shimfiɗa.

Ku kuma iyayen gida, yaran aikinku amana ne. Wannan kaya ba asbestos ba ne, kuma a 2001 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi suna jawo cutar. Duk da haka yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, yana shiga ido da maƙogwaro. Abin takaici ne a ga yaro a saman rufi da singileti yana yayyaga shi da hannu. A ba shi takunkumi da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu, a yanka da wuƙa mai kaifi. Bayan aiki ya ɗauraye jiki da ruwa ba tare da susa ba, a wanke kayan aikinsa daban da na iyali. Ragowar kuma a ƙulle ta cikin buhu a kai inda ake zubar da sharar gini. Kada a watsar a bola inda yara ke tsince-tsince, kada kuma wani ya ga laushinta ya cusa ta a matashi ko katifa.