Shaidar Likitan Asibiti da Aikinsa a Ƙarƙashin Inshorar Lafiya



Duk ma'aikacin da ya shiga asibiti riƙe da katin inshorar lafiya, ya kamata ya san amsar tambayoyi biyu. Ta farko, wa ya ba likitan da ke gabansa izinin duba shi? Ta biyu kuwa, ta wace hanya ake biyan kuɗin aikin, kuma yaya hanyar biyan take shafar maganin da zai samu?

Bari mu soma da ta farko. A Nijeriya ɗalibin likitanci yakan shafe shekara shida a jami'a kafin ya sami digiri. Digirin shi kaɗai bai ba shi ikon yin aiki ba. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda asalinta ke cikin dokar 1963, ita ce za ta yi masa rajistar wucin gadi. Sa'an nan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, yana zagaya sashen tiyata, da na cututtukan manya, da na yara, da na mata da haihuwa. Sai ya kammala wannan ake ba shi cikakkiyar rajista, kuma wajibi ne ya sabunta lasisinsa kowace shekara. Wanda ke son zama ƙwararre zai ƙara wasu shekaru a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwarorinta na Afirka ta Yamma. Likitan da ya saɓa ƙa'ida kuwa, akwai kotun ladabtarwa da ke da ikon soke sunansa daga rajista.

To, ga tambaya ta biyu. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, kana dokar 2022 ta maye gurbinta, ta mai da shiga inshorar tilas. Ma'aikaci yakan zaɓi asibiti guda daga waɗanda hukuma ta amince da su, inda za a riƙa duba shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Don ƙananan cututtuka, ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Idan ciwo ya fi ƙarfin wannan mataki, likita ya rubuta takardar tura majiyyaci wurin ƙwararre, a nemi amincewar kamfanin da ke gudanar da asusun, a can kuma a biya gwargwadon aikin da aka yi.

A nan ne jarrabawar likita take. Hanyar farko tana kwaɗaita wa asibiti tsuke hannu, domin kowane gwaji yana rage abin da zai saura masa. Ta biyu kuwa tana kwaɗaita yawan aiki, ko da babu bukata. Abin da ke tsare majiyyaci tsakanin waɗannan biyu shi ne horon likita, da rantsuwarsa, da sanin cewa lasisinsa yana hannun majalisar da ta ba shi.

Saboda haka, jama'a, tambayar sunan likita da matsayinsa ba rashin ladabi ba ne, haka nan neman dalilin hana ku wani gwaji ko jinkirta tura ku gaba. Da guminku ake tara kuɗin asusun nan, kuna kuwa da haƙƙin kai ƙara ga hukumar inshorar ko ga majalisar likitoci. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, wanda kuwa ya ɗanƙa ta a hannun wani, ya dace ya san hannun wa ya ɗanƙa.